Lambun Uwargida: Sirrin Sukarin Da Ke Cikin Ganye



Uwargida, rani ya yi, ruwa ya zama abin tattali, kuɗin cefane kuma kullum sama yake yi. Ko a Karaye da ke da madatsar ruwa ta Challawa tun 1992, ba kowace mace ce ke da ruwan ɓarnatarwa ba. To, yaya za ki raya 'yan shukokin alayyafo, yakuwa da zogalen da ke bayan ɗakinki? Ki fara da sanin halin ganye.

Kowane ganye yana da dubban 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, galibi a bayansa. Ta nan yake shaƙar iskar da yake haɗawa da ruwa da hasken rana ya yi sukari, wato abincinsa. Ta nan kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta tsotso yake fita. Kowace ƙofa tana da ƙwayoyi biyu masu siffar wake da ke gadinta. In sun cika da ruwa su kumbura, ƙofa ta buɗe. In sun saki, ta rufe.

Ina sukari ya shigo? Da hantsi, masu gadin nan suna narkar da sitacin da suka ajiye ya koma sukari, abin da ke taimaka musu su buɗe da wuri. Amma in ganye ya yi ta aiki har sukari ya taru ya yi yawa, shi ne kuma yake ba su alamar su rage ƙofa, kamar yadda wani bincike ya nuna a 2013. Kamar ke ce: in tukunya ta cika, ai sai a rage wuta. Wannan sukarin ne rake yake kwashewa daga ganye ya tara a kara, har masu mazarƙwaila a yankin Rogo su samu na dafawa.

Saboda haka, ga abin yi:

Ki yi ban ruwa da sassafe, ƙasa ta jiƙe kafin ƙofofin su buɗe sosai.

Ki yi dashe da yamma, lokacin da ganye ya rage zubar da ruwa.

Ki tsinki ganyen miya da safe yana cike da ruwa, ki lulluɓe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle a inuwa, domin ko an tsinke shi ƙofofin ba sa daina fitar da ruwa nan take.

Ki riƙa yayyafa wa ganye ruwa lokacin hunturu, don ƙura tana tare masa haske.

Kada ki zuba wa shuka ruwan sukari wai don ta yi kyau. Nata take yi da kanta, naki kuwa tururuwa zai kira miki.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.