Filin Mata: Fitilar Akwatin Kifi

Makon jiya wata 'yar makaranta ta rubuto mini takarda daga Argungu. Ta ce wanta ya haɗa mata akwatin gilashi, ta zuba yashi da ruwa, ta dasa ciyayin gulbi, ta saki 'yan ƙananan kifi a ciki, ta ajiye shi a ƙuryar ɗaki. Ba a yi kwana goma ba sai ciyayin suka koɗe, suka fara ruɓewa. Wai an ce mata sai ta sayi wata fitila ta musamman da ake kawowa daga Ikko, kuɗinta kuwa ya fi ƙarfin babanta balle ita. Tana tambayata ko ta zubar da ruwan ta huta.

Kada ki zubar, ƙanwata. Fitilar da za ta ishe ki tana nan a kasuwar garinku, wurin masu sayar da kayan wuta. Amma bari in fara gaya muku wautar da ni kaina na yi, don kada wata ta maimaita.

Shekarar da na gama kwalejin horon malamai aka ba ni aji a Birnin Kebbi, na kafa irin wannan akwati don koyar da yara sha'anin tsirrai. Na ce a raina, mu da Allah ya hore wa rana, me za mu yi da fitila? Sai na ɗora shi a bakin taga ta wajen yamma, a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan kan haura digiri 40. Muka tashi ran Jumma'a. Ran Litinin da na buɗe aji sai na tarar ruwa ya zama kore kamar miyar kuka, kifi shida duk sun juya ciki sama. Yarinyar da ta kawo su ta yi ta kuka, ni kuwa kunya ta hana ni duban idonta. Ashe ruwa in ya yi zafi ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa, sa'an nan hasken da ya yi yawa gansakuka yake ciyarwa. Ruwan akwati ya fi kyau ya tsaya tsakanin digiri 24 da 28.

To, me ya sa ciyawar ruwa take bukatar haske? Kun tuna darasin makaranta: ganye yakan karɓi haske, ya haɗa shi da ruwa da iskar nan da masu rai ke fitarwa, ya yi abincinsa, sa'an nan ya saki iskar oksijin. A cikin akwati kifi ne ke ba ciyawa iskar da take so da taki, ita kuma ta ba shi tasa. Wani masanin haɗa magunguna a London, Robert Warington, shi ya bayyana wannan a 1850, bayan ya ajiye kifi biyu da ciyawar ruwa a tulun gilashi wata da watanni ba tare da canza ruwan ba. A 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko a gidan namun dajin London. Lokacin nan babu lantarki a gidaje, da hasken taga suka yi aikinsu. Kun ga ke nan abin ba na masu kuɗi kaɗai ba ne.

Saboda haka taga ita ce fitilarku ta fari, kuma kyauta ce. Ku nemi wurin da za ku iya karanta jarida da rana ba da wahala ba, amma rana ba ta faɗa wa gilashin kai tsaye. In ta taɓa shi na sa'a guda da sassafe ba laifi. Ta yamma ce mugu. Ku lura kuma, a ƙasarmu rana ba ta bin hanya ɗaya duk shekara: daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta takan karkata arewa da tsaka, sauran watanni kuwa kudu. Tagar da ke da inuwa da sanyi tana iya zama murhu da bazara.

Ɗakunanmu da yawa tagoginsu ƙanana ne, don haka sai an ƙara da fitila. A nan ne ake cutar mutane. Tsohon ƙwan lantarkin nan mai zare a ciki, ku bar shi: wajen kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi yake zama, zai dafa muku ruwa ne kawai. Fitilar ƙwai da aci-bal-bal ba a ma maganarsu. 'Yan fitilun ado masu ƙyaftawa ja da shuɗi suna da kyau a falo, amma haskensu bai kai ya ciyar da ganye ba. Tocilan da ake caji kuwa tana farawa da ƙarfi, kafin sa'a biyu ta dushe.

Abin da za ku nema shi ne farin ƙwan nan da ake kira LED. Mutanen Japan uku ne, Akasaki da Amano da Nakamura, suka gano yadda za a yi mai shuɗin haske, wanda daga gare shi aka samu farin, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. In kun ɗauki kwalin, ku dubi lamba biyu. Ta fari ita ce wadda ke da harafin K a bayanta. In an rubuta 6500K, hasken fari ne irin na hantsi, shi ya fi fito da koren ganye. Mai 2700K ko 3000K jaja-jaja ne, ciyawa za ta rayu da shi amma ruwan zai yi kamar shayi. Ta biyu ita ce lumen, watau mudun da ake auna yawan haske da shi. Mai kanti zai yi ta gaya muku wat kaza ne, amma wat awon wutar da ƙwan ke sha ne, ba na hasken da yake bayarwa ba. Tsohon ƙwai mai wat 60 yakan ba da lumen wajen 800, LED mai wat 9 ma haka.

Yanzu 'yan makaranta ku ɗauko alli. A auna tsawon akwati da faɗinsa da zurfinsa da santimita, a ninka su, a raba da 1,000, abin da ya fito shi ne lita. Akwati mai 60 da 30 da 30 yana cin lita 54. Masu kiwon ciyawar ruwa sukan ba kowace lita lumen 10 zuwa 20 in ciyayin marasa fitina ne. To 54 sau 20 ya kama 1,080. Watau ƙwai ɗaya mai wat 10 ko 12 ya wadatar, ko biyu masu wat 5 a jere, wanda ya fi raba haske daidai. In zurfin akwatin ya wuce santimita 40 sai a ƙara kaɗan, don haske yana raguwa kafin ya kai ƙasa. Uwargida mai lissafin kuɗin mita kuma ga naki: wat 10 na sa'a 8 kullum, a wata bai wuce yunit biyu da rabi ba. Da tsohon ƙwan ne da ya sha fiye da 14. Abu guda, ba kowane kwali ke faɗin gaskiya ba. Ku sa a kunna muku iri biyu a kanti ku gwada da idonku kafin ku biya.

Sai maganar da ta fi damuna. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, ruwa kuwa abokin tafiyarta ne. Akwatin kifi yana jan yara kamar yadda zuma ke jan ƙuda, kuma ba mai hana yaro tsoma hannu. Ƙwai in ya faɗa ruwa, ko waya mai tabo ta taɓa bakin akwatin, abin da zai biyo baya ba na faɗi ba ne. Don haka ni na fi son fitilar sola mai bolt 12, ko irin dogon zaren nan mai 'yan ƙwayaye a jere da ake mannawa a jikin katako. Wannan ko ta jiƙe ba ta kisa. Ga shi kuma ba ruwanta da ɗauke wuta, wanda ke hana ciyawa samun haske a kan kari. Ƙaramin faifan sola mai wat 20 da batir irin na babur za su riƙe fitila mai wat 5 na sa'a shida, in taga tana taimakawa. Wadda ba ta da sola, to ta sa mai gyaran wuta ya ɗaure ƙwan da kyau a bango, taƙi guda sama da ruwa, a rufe akwatin da gilashi, a bar wayar ta sauka ƙasa kaɗan kafin ta hau zuwa soket don ɗigon ruwa ya tsaya a gwiwarta. Kullum a kashe kafin a sa hannu. In kuka kifa tsohon farin kwano a bisa ƙwan, hasken da ke tserewa sama zai komo cikin ruwa.

Sa'a nawa za a kunna? Ku fara da shida, in ciyayi sun kama ku kai takwas, kuma lokaci ɗaya kullum, misali daga azahar zuwa bayan isha'i, sa'ad da maigida da yara ke gida su more kallo. Kada a bar ta kwana. Kifi ba shi da fatar ido, duhu ne hutunsa. Ciyawar ita za ta gaya muku halin da take ciki. In karanta ya yi tsawo siriri, ganye ya yi nesa da juna, na ƙasa yana zuba, haske ya gaza. In gilashi ya yi kore ko zare-zare ya naɗe ganye, ya yi yawa: a rage sa'o'i, a kwashe sulusin ruwan a zuba sabo, a lulluɓe akwatin da zane kwana uku. Da hunturu kuma ku riƙa share murfin kowace safiya, ƙurar da ke kwanta a kai tana cinye haske fiye da yadda kuke zato.

Ke 'yar Argungu, kin fi kowa sa'a wajen ciyayi. Garinku da ake bikin kamun kifi tun 1934, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ba a rasa masunci a dangi ko a maƙwabta. Badon nan da muke rainawa a fadama, a Turai sayar da shi ake yi a kantunan kifi don kyan ganyensa. Ki sa a tono miki ƙaramin tushe, ki binne rabinsa a yashi, ki riƙa yanke ganyen da ya nufi sama don ya yi ta fitar da na ƙasa. Akwai kuma wata ciyawa mai laushi kamar jelar doki da ke yawo cikin ruwa ba saiwa, ba ta bukatar haske mai yawa. Kainuwa dashen Allah ce, tana tsotse daudar ruwa, amma cikin mako biyu sai ta rufe sama ta bar na ƙasa cikin duhu, sai ki zargi fitilarki a banza. Kada ki bar ta ta wuce sulusin fuskar ruwan. Karfasa kuwa, ko ƙarama ce, tana tono tana cin ganye. 'Yan kurungu ƙanana sun fi zama lafiya da shuka, kuma su ma ba su son haske mai kashe ido.

Warington ya zuba katantanwa a tulunsa don su cinye masa gansakuka, littattafan Turawa har yau suna ba da wannan shawara. Mu a kwarin Rima kada mu bi ta. Wasu katantanwar gulbi da fadama su ke ɗauke da tsargiya, ciwon nan mai sa yara fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. Kada a aiki yaro cikin ruwa neman ciyawa. Duk abin da aka kawo a wanke shi da ruwan rijiya ko na famfo, a duba bayan kowane ganye a cire katantanwa da ƙwanta mai kama da majina, a ajiye shi a bokiti dabam na mako biyu ana dubawa, kana a dasa. Gansakukar jikin gilashi kuwa sabon soso ya ishe ta, wanda bai taɓa ganin sabulu ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba abincin kifin, don wata uwargida daga Birnin Kebbi ta ce yaranta tuwo suke zuba musu.