Cikar ciki daban, ƙoshi daban: mu riƙa duba kashin shanunmu

Ƴan'uwa makiyaya da masu turka, a ganina muna auna abin da sa ya ci, amma ba ma auna abin da jikinsa ya riƙe. Nan ne riba take zurarewa.

Ga yadda masana suke lissafin. A auna busasshen abincin da sa ya ci a yini, a tattara kashinsa, a shanya, a auna. In ya ci kilo 10, busasshen kashi ya kai kilo 6, to kilo 4 ne kawai ya narke. Sa mai nauyin kilo 250, Azawak ne ko Bororo, yana cin busasshen abinci wajen kilo 6 a yini. Cikinsa yana da iyaka, don haka abin da aka cika shi da shi ne ke sa ƙiba ko rama.

Busasshen karan hatsi ko na dawa, kusan rabinsa yana fita ba a narke ba. Dalili kuwa, a cikin tumbi akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke narkar da ciyawa, kuma sai sun samu abinci mai gina jiki suke aiki. Kara ba shi da wannan sosai. Harawar wake ko ta gujiya, ƴaƴan gawo da angurya suna da shi. Ƴar harawa kaɗan a kan kara tana sa karan ma ya fi narkewa.

Wanda ba shi da sikeli yana da ido. Kashi mai tauri, busasshe, mai hawa-hawa, alama ce kara ya yi yawa, mai gina jiki ya yi kaɗan. Mai ruwa-ruwa da kumfa da tsami, sau da yawa dusa ko hatsi ne ya wuce kima, sai dai in da ciwo, a kira ma'aikacin lafiyar dabbobi. Mai kyau shi ne mai laushi da ke tsayawa wuri guda. A ɗebi kaɗan a wanke cikin rariya: in an ga dogayen zaruruwa ko ƙwayar hatsi ɗungurungum, kuɗi ne a ƙasa. A kuma lura da tuƙa. San da ya daina tuƙa gaba ɗaya, cikinsa ba lafiya.

Na san za a ce harawa tana tsada da rani, daga Maraɗi har Damagaram. Gaskiya ne. Amma kara mai araha da ke fita yadda ya shiga, shi ne mai tsadar gaske. Kuma ana gyara kara: a sassara shi ƙanana, ko a jiƙa kilo 100 da ruwan da aka narkar da takin yuriya kilo 4 zuwa 5, a rufe ruf mako 3, a sha masa iska kafin a bayar. Kada dabba ta taɓa takin kansa ko ruwansa, guba ne.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu: a sayi harawa da kaka tun tana da sauƙi, a adana a inuwa, a samu sikeli guda na kowa. Kafin a sayi kowane sabon abinci da yawa, a gwada shi a kan shanu biyu ko uku na mako 2, a duba kashinsu, sannan a fitar da kuɗin jama'a.