Agogon leza ba zai buɗe wa Baba jijiyar zuciya ba

Duk mai yawo a Facebook ko TikTok ba zai rasa cin karo da tallan wani agogo mai jan haske ba. Ana ɗaura shi a wuyan hannu, wasu ma har da 'yar wayar da ake zurawa a hanci. Masu tallan sukan ce hasken leza na narkar da kitsen cikin jini, ya buɗe jijiyoyin da suka toshe. Saurayi a Dutse da mahaifinsa ke fama da hawan jini zai ga ai gata ne ya saya masa. Shawarata ita ce ya riƙe kuɗinsa.

Buɗe jijiya da leza gaskiya ne, amma aikin asibiti ne mai haɗari. Likita kan zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi, yana bin sa da na'urar hoto har ya isa inda kitse ya toshe hanya. Kaurin bututun daga milimita 0.9 ne zuwa 2. Sai bakinsa ya taɓa toshiyar kafin hasken ya yi aiki, kuma abin da yake ci a harbi ɗaya bai wuce kaurin silin gashi ba.

Kafin a kai ga haka an sha wahala. A 1977 Andreas Grüntzig ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a birnin Zurich. A shekarun 1980 aka shigo da leza, har da bututu mai kan ƙarfe da ake zafafawa. Zafin ya riƙa ƙona bangon jijiya, wani lokaci ya huda ta, dole aka ajiye shi. Wanda ake amfani da shi yau, excimer, haskensa ba ya ganuwa, tsawon zangonsa nanomita 308 ne, kuma yana fita ne a gajerun harbi don kada zafi ya taru. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a farkon shekarun 1990. Kamfanin Spectranetics da ya yi fice wajen ƙera shi, Philips ta saye shi a 2017.

Duk da haka haɗarin bai gushe ba. Jijiya na iya tsagewa ko ta huje, jini ya taru a jakar da ke kewaye da zuciya. Shi ya sa ake tura ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa yayin harbin, domin idan hasken ya haɗu da jini ko rinin ɗaukar hoto, kumfa mai ƙarfi ke tasowa ta yi ɓarna. Binciken AMRO da aka yi a Holan, wanda mujallar Lancet ta buga a 1996, ya gano leza bai fi balan-balan amfani ba bayan wata 6. Yau likitoci kan ɗauko shi ne a wurare masu wuya: inda balan-balan ya kasa wucewa, ko inda 'yar ragar ƙarfen da aka saka ta sake toshewa.

To, idan ƙwararru sai sun shiga cikin jijiya da injin da ake turawa a kan taya, ta yaya agogo mai batir zai yi wannan aiki ta saman fata? Jan haskensa mai nanomita 650 irin na alƙalamin nuni ne da malamai ke haska allo da shi. Wani zai ce ai ko bai yi amfani ba, ba zai cutar ba. Cutarwar tana nan: dattijon da ya gamsu an wanke masa jini zai iya ajiye ƙwayoyin hawan jininsa, ƙarshenta a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Lambar NAFDAC a jikin kwali ma ba ta mai da agogo likitan zuciya.

Idan kana son saya wa iyayenka na'ura, sayi ma'aunin hawan jini na damtse, da ma'aunin suga idan suna da ciwon. Ka riƙa rubuta sakamakon a wayarka, ka sa musu ƙararrawar shan magani. Idan Baba ya ce ƙirjinsa na yin nauyi in ya yi tafiya, ko Inna na da gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, a kai su Asibitin Rasheed Shekoni a nan Dutse ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. In abin ya fi ƙarfin nan, likita zai tura su gaba, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ciwon ƙirji mai tsanani da gumi kuwa ba a kwana da shi a gida.

In kuma wata rana likita ya ambaci leza, ku tambaye shi: me ya sa ba balan-balan ba, sau nawa ya yi irin wannan aiki, kuma wane tanadi aka yi idan jijiya ta huje? Likitan ƙwarai zai amsa duka ukun. Mai tallan agogo kuwa lambar asusu kawai zai turo maka.