Sharhi: Ciyawar Teku da Tsadar Abincin Kiwo

Duk mai kiwon kifi ko kaji a ƙasar nan ya san cewa abincin kiwo ne ke lashe mafi yawan jarinsa, domin waken soya da garin kifi sun yi tsada ƙwarai. Saboda haka ya kamata 'yan kasuwarmu su waiwayi sana'ar da ƙasashen Asiya suka daɗe da runguma, wato noman ciyawar teku.

Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 2019 an samar da kimanin tan miliyan 35 na wannan ciyawa, kusan kashi 97 cikin ɗari daga Asiya. Nomanta ba ya cin gona, ba ya bukatar ban ruwa. Irin da Japanawa ke kira nori, in ya bushe, kimanin sulusinsa sinadarin gina jiki ne.

Babbar fa'idarta ita ce mayar da shara dukiya. A mashigin tekun Sanggou na ƙasar Sin, ana noma ta daura da kifi da kawa. Dattin da suke fitarwa ya zama takinta, ita kuma ta tace ruwan, sannan a girbe ta a yi abincin mutane da na kiwo.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Ciyawar sargasum, wadda teku ke jibgewa a gaɓar Afirka ta Yamma tun 2011, ba ta da sinadarin gina jiki sosai, kuma takan ɗauki gubar arsenik. Haka nan a Zanzibar, inda aka fara noman ciyawar teku don kasuwa a 1989, manoman, waɗanda akasarinsu mata ne, sun daɗe suna sayar da busasshiya da araha, ribar sarrafawa tana tafiya ƙetare.

Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 850 ko fiye, ga kuma ma'aikatar tattalin arzikin teku da aka kafa a 2023. A ganinmu, wajibi ne ma'aikatar ta haɗa kai da cibiyar binciken teku da ke Legas, su tantance irin da ya dace da ruwanmu, su kuma kafa ma'aunin inganci. Masu jari kuwa su sa ido kan masana'antar busarwa da niƙa a cikin gida, kada a maimaita abin da ya faru da gyaɗa da koko, inda muka yi noma wasu suka ci riba.