A TAIMAKI IYAYEN JARIRAN DA HANJINSU KE HAWA ƘIRJI

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana mazauna Unguwar Television da Kakuri da Sabon Tasha, da na ƙauyukan kewaye, kan wata larurar jarirai da akasarinmu ba mu santa ba.

A jikin kowane ɗan Adam akwai wani tantanin tsoka mai kama da faifai da ya raba ƙirji da ciki. Shi ke hawa da sauka in muna numfashi. Yakan gama haɗewa tun ciki bai cika wata 3 ba, amma wani sa'in sai ya bar kafa. Ta nan hanji da tumbi da saifa, har da hanta wani lokaci, ke haurawa ƙirjin ɗan tayi, su danne huhu ya kasa girma, su ture zuciya gefe. Wato dai ƙaba ce, sai dai ita sama ta yi. Likitoci sun ce ana samunta a kamar haihuwa ɗaya cikin 3,000, kuma fiye da 8 cikin 10 a gefen hagu take. Tun 1848 wani masanin jikin mutum na birnin Firag mai suna Bochdalek ya yi bayaninta, don haka kada wani ya ce cutar zamani ce.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, mai cikin lafiyarta lau, ɗa na motsi, domin ta mabiyiya yake samun iska. Sai an yanke cibiya ya nemi jan numfashi da kansa, a nan ne asiri ke tonuwa. Za a ga yana haki, haƙarƙari na lotsawa, leɓe da harshe sun yi shuɗi-shuɗi, ciki ya shafe kamar an kwashe kayansa, ƙirji kuwa ya cika. Jama'a, wanda ya ga haka kada ya tsaya kiran wanzami a cire beli, kada a ɗura masa jiƙo ko ruwa ko zuma. Duk abin da ya shiga tumbin da ke zaune a ƙirji ƙara matse huhu zai yi. A lulluɓe shi da zane ya ji ɗumi, a nufi babban asibiti nan take.

To amma ni abin da na fi so a ji shi ne, yaƙin nan tun kafin haihuwa ake cinsa. Hoton ciki da ake ɗauka a wata na 5 yana nuna wannan larura a wajen da yawa daga cikinsu, ko da yake ba duka ba. Mu kuwa in an je hoto, tambayarmu ɗaya ce: mace ce ko namiji? Haba jama'a! A tambayi mai hoton ko ya duba ƙirji da zuciya. In an ga alama, a nemi takardar turawa asibitin koyarwa, kamar Barau Dikko da ke tsallaken gada, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, inda akwai likitocin tiyatar yara. A tambaya tun da wuri ina ne ke da injin numfashi na jarirai, a je can a haihu. Daga nan zuwa Zariya kimanin kilomita 80 ne. Mai ciki za ta yi tafiyar a zaune cikin mota, amma jaririn da ke neman iska da ƙyar ba lalle ya kai ba.

A asibitin ma ba a gaggawar yanka. Sai an sa masa bututun numfashi, an zura wani ta hanci ya janye iskar tumbi, an jira kwanaki ya daidaita, sannan a mayar da hanji mazauninsa a ɗinke kafar. A ƙasashe irin su Ingila da Amurka kimanin 7 cikin 10 na rayuwa. A nan ba mu kai haka ba, gaskiya ɗaya ce, kuma akwai wanda huhunsa ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ko me aka yi sai haƙuri.

Wannan jinya makonni take ci, alhali mai tireda ko mai sayar da tumatir in ya rufe rumfa kwana 3 tukunyar gidansa ta tsaya. Mun iya gudummawar suna, mun iya zaman makoki, amma ran da ake neman kuɗin iskar oksijin sai ka ga uba shi kaɗai a bakin ɗaki. Ina kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu adashi da zumuntar mata, a coci da masallaci, su ware wani abu domin irin wannan rana. Mai mota ya ba da mota, maƙwabciya ta riƙe sauran yara, ɗan'uwa ya tsare rumfa. A kuma yi rajista da hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, tun ciki na ƙarami, a tambayi abin da take biya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa.

Sai maganar dangin miji. Don Allah a daina cewa abin da uwa ta ci ne, ko fitar dare ta yi ta gamu da iska. Abin ya faru tun a makonnin farko, wata ma ba ta san tana da ciki ba.

Wanda aka sallama kuma ba a gama ba. Irin waɗannan yara sukan yi yawan tumbuɗi da ciwon ƙirji, ba sa saurin ƙiba, kuma ɗinkin kan iya buɗewa. A riƙa mayar da su asibiti a ranakun da aka rubuta, a cika musu rigakafi, a nisanta su da hayaƙin murhu.



Daga mai karatunku,
Unguwar Television, Kaduna.