Sunan da Ke Takarda Ba Lallai Shi Ne Maƙerin Ba: Raddi Kan Agogunan Katako na Konetikat

Wani ɗan'uwa mai sha'awar tsofaffin agoguna ya rubuta cewa gane wanda ya ƙera injin agogon katako na Amurka ba ya buƙatar dogon bincike: a buɗe ƙofar akwatin, a karanta sunan da ke takardar da aka manna a ciki, shi ke nan. Da girmamawa nake cewa malam ya yi tuya ya manta da albasa.

Hujjarsa ta farko ita ce mutum ba ya manna sunansa a kan aikin wani. To, a Konetikat ta wancan zamani an yi haka, kuma ba a ɗauke shi ha'inci ba. Tun da Eli Terry ya karɓi kwangilar injina 4,000 daga 'yan gidan Porter na Waterbury a 1807, sana'ar ta rabu gida-gida. Wani injin kawai yake ƙerawa, wani akwati, wani ya zana fuskar, wani kuma ya sayi duka ya harhaɗa, ya buga takardarsa, ya ba 'yan talla su shiga ƙauyuka da shi. Ephraim Downs na Bristol ya sayar wa mutane da yawa injina. Chauncey Jerome ma, kafin ya shahara, akwatuna yake yi. Takarda tana gaya maka wanda ya sayar, wani lokaci shi ne maƙerin, sau da yawa ba shi ba ne.

Ya ƙara da cewa duk inda sunan Terry ya fito, aikin Terry ne. Nan ma ya karanta rabin layi ya tsaya. Takardun Seth Thomas, wanda tsohon ma'aikacin Terry ne, suna cewa Terry ya ƙirƙiro samfurin, Thomas ya ƙera ya sayar.

Hujja ta uku ce ta fi nauyi, kuma na yarda da rabinta. Ya ce injinan duk kamar an tsaga kara suke, don haka duba su ɓata lokaci ne. Gaskiya ne kusan kowa ya kwaikwayi tsarin Terry: alluna biyu na itacen oak, fayafayai masu haƙora na itacen ceri, sai faifan da ke daidaita tafiyar agogo, shi na tagulla. Amma kowace masana'anta da nata ma'aunai da kayan sassaƙa, kuma hannu ba ya ɓuya. Siffar 'yar gadar da ke riƙe faifan tagullar, yadda aka kafe faifan da ke ƙirga bugun awa, yadda aka fiƙe ginshiƙan da ke haɗa allunan, duk sun bambanta. A kan irin waɗannan ƙananan alamomi Snowden Taylor ya gina jadawalinsa na rarrabe maƙera, wanda masu tara agogo ke komawa gare shi.

Akwai kuma abin da malam bai taɓo ba sam. Agogo mai shekara kusan 200 ya bi ta hannun masu gyara da dama, ga katako ba ya shiri da danshi, ga injinan tagulla masu araha sun kashe kasuwarsa bayan 1837. Injin da ya lalace an sha cire shi a sa wani. Kafin ka gaskata takardar, cire fuskar agogon ka duba: ramukan wana agogon sun dace da sandunansu? Akwai tsofaffin hudoji a jikin akwatin da ba sa riƙe komai yanzu? In akwai, injin baƙo ne a gidan.