Takardar Da Yaro Ya Kawo Daga Makaranta

 Ina so in yi magana bisa wata 'yar takarda wadda ta shigo gidana a nan Zuru, ta hana mutum biyu barci.

Yarona ne ya kawo ta, ɗan shekara 12, yana murna tun daga zaure. An rubuta cewa za a kai 'yan ajinsu Argungu su ga gidan tarihi na Kanta da bakin ruwan Matan Fada, su kwana biyu su komo. Uban da ya yarda ya sa hannu, ya aiko da kuɗin mota da na abinci. Shi yaron bai san akwai sauran shawara a ciki ba, a ransa an riga an tashi.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ni sai da na yi gemu na ga Argungu, ga yaro zai gan ta tun yana ƙarami. Zai shiga gidan nan da ya ke fadar Sarkin Kabi tun 1831, wanda aka mayar gidan tarihi a 1958, ya ga masu da takubba da tambura na mutanen Kanta da idonsa, ya tsaya inda a ke taron kamun kifi tun 1934. Abin da malami ya yi wata guda yana faɗi bisa allo, yini ɗaya ya isa ya zauna masa, gani ya kori ji. Amma kafin in ninke takardar, sai zuciyata ta bi hanya. Ta fita Dabai, ta wuce Mahuta, ta faɗa Koko, ta miƙa Jega da Birnin Kabi, sa'an nan Argungu. Kowane daji na tsakani sai da ta tsaya a cikinsa. Daɗin bai tafi ba, tsoron kuwa ya zo ya zauna kusa da shi.

Yaron ɗan fari ne, saboda haka uwarsa ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma nuna ta damu da shi gaban mutane, kamar yadda kunya ta hukunta. Da na gaya mata sai ta ce, "Malam, kai ka san abin da ya fi." Ta ci gaba da tankaɗe. Sai can bayan lisha, an kashe fitila, na ji ta ce, "Malam, wannan yaron, a ina za su kwana?" Na rasa amsa, domin takardar ba ta faɗa ba. Ba ta faɗi wanda zai ja su ba, ba ta faɗi sa'ar tashi ba. Kuɗi kaɗai ta faɗa dalla-dalla.

To jama'a, akwai waɗanda in uba ya yi nawa wajen sa hannu sai su ce duhun kai ne, ko ƙin ilmin zamani. Waɗannan ba su yi adalci ba, ko kuwa ba a ƙasar nan su ke zaune ba. Ran 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi yara da malamai, waɗansu 'yan matan sai a 2023 suka ga iyayensu. Ran 17 ga Nuwamba 2025, kafin asuba, aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, cikin ƙasar Danko da Wasagu, watau cikin masarautarmu ta Zuru, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da yara 25. An same su bayan kamar mako guda, amma a tambayi iyayensu tsawon makon nan. Gaskiya ne duka biyu a cikin makaranta abin ya auku, ba bisa hanyar ziyara ba. Sai dai zuciyar uwa ba ta wannan rarrabewa. Abin da ta sani guda ne, dare ya yi, ɗanta ba ya ƙarƙashin rufinta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu ya ke yi.

Duk da haka ban ga hanyar da za mu ce yara su daina fita ba, balle mu da mu ke karanta wannan shafi. Ya malamai, wane ne a cikinku ya yi karatu a ɗakin uwarsa? Wannan an kai shi Zariya, wancan gabas, yana ɗan shekara bakwai, da allo da ƙoƙo da 'yar buta, ya yi shekaru bai ga gida ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya tafi har Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Tun da aka fara musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a Sakkwato a 1986, yara maza da mata su ke barin garuruwansu, su kwana a wani gari domin su yi karatu gaban alƙalai, uban da ɗansa ya ciwo kuwa ba ya shiga kasuwa sai an nuna shi. Ku kuma 'yan kasuwa, kakanninku sun ɗauki 'ya'yansu zuwa Gwanja sayen goro, su ƙetare Kwara, su yi watanni ba labari. Ba don ba su son 'ya'yan ba ne. Sun san yaron da bai taɓa kwana baƙunta ba, ran da ya fita dole shi ne abin tausayi.

Abin da ya bambanta su da mu shi ne su ba su sakin yaro ga iska. Ayari ba ya tashi sai da madugu sananne, wanda in an yi asara shi za a tambaya. Akwai jagaba mai sanin hanya, akwai zango da aka sani tun kafin a ɗaura kaya, akwai mai masauki a kowane gari, kuma ba a barin rana ta faɗi ana cikin daji. Uban da zai ba da ɗansa almajiranci yakan je da ƙafarsa, ya durƙusa gaban malam, ya sa hannun yaro cikin nasa gaban shaidu. Ko a ƙissar Annabi Yaƙubu, tsira da aminci su tabbata gare shi, malamai sun fi ni sani: da farko ya faɗi baƙin cikinsa da tsoronsa a fili, ya bari aka tafi da Yusufu. Karo na biyu, da aka nemi ƙanensa, bai hana ba, amma sai da ya karɓi alkawari mai ƙarfi, ya kuma tsara musu yadda za su shiga gari. Ba wanda ya ce tawakkalinsa ya ragu don ya yi haka.

Saboda haka da gari ya waye na tafi makarantar, ba zan faɗi sunanta ba. Na ce da hedimasta, "Ranka ya daɗe, ban zo hanawa ba, na zo in san madugu." Da farko ya ɗaure fuska, ya ce sauran iyaye ba su tambaya ba. Na ce sauran iyaye ma ba su yi barci ba, kunya ce ta hana su zuwa. Muka zauna. Na tambaye shi malamai nawa za su bi yaran, da ko akwai malama da za ta kwana tare da 'yan mata, da motar wa aka ɗauka, da gidan da za a sauka, da wanda ya san da zuwansu a can. Waɗansu ya amsa nan take, waɗansu kuwa ya yi shiru, na gane ba a yi tunaninsu ba tukuna. Ban ga laifinsa ƙwarai ba. Mutum ne mai son yaran su ga duniya, kuma malamin da ya kwana da 'ya'yan mutane arba'in ba ya runtsawa, ba kuwa wanda zai ƙara masa ko kwabo. Amma kyakkyawar niyya ba ta gyara taya.

Abu guda na dage a kansa, kada a yi tafiyar dare, ko da za a ƙara kwana. A tashi da hantsi, a sauka kafin la'asar. Kuma a je tasha a tambayi direbobi da masu bin kasuwannin ƙauye halin hanya a makon nan, domin su su kan ji labari kafin rediyo ta ji. In suka ce hanya ba daɗi, a ɗaga tafiyar, Argungu ba za ta gudu ba. A nan ne 'yan kasuwa za su yi wa makarantu amfani, da za a riƙa neman shawararsu.

Akwai kuma wani abu da na lura da shi, wanda ba a faɗi. Ba dukan uban da ya ce yana tsoron hanya ne hanyar ke damunsa ba. Wani kuɗin motar ne babu, ga hatsi bai shigo ba, ya ga ya fi masa sauƙi ya ce tsoro da ya ce rashi. Yaronsa zai zauna a aji shi kaɗai, ya ji abokansa suna labari har ƙarshen shekara. Mai hali da ke biya wa ɗansa, in ya ƙara na yaro guda a asirce ta hannun malami, bai yi asara ba. Wanda kuwa ya auna ya ga ransa bai kwanta ba, ya hana, hakkinsa ne, kada a tsangwami ɗansa a kai.

Bayan kwana uku aka aiko da wata takardar, da sunayen malamai uku da lambar wayarsu, da masauki, da sa'ar tashi. Na sa hannu. Daren tafiya uwarsa ta kwana tana suyar ƙuli-ƙuli da dambun nama, ta ƙulle a leda, ta ba ƙanwarsa ta miƙa masa, wai ita ba ruwanta. Da safe ni na raka shi bakin mota. Ya hau, ya sami wuri kusa da taga, ya shiga hira da abokansa, bai ko waiwayo ba. Na ji haushin haka, na kuma ji daɗinsa. Na komo gida na tarar ta ajiye tabarma a zaure, wurin da a ke jin ƙarar kowace mota da ta wuce.